Sin ta gama da siminti, saura matuƙa

Duk ranar da aka yi faretin soja a Beijing, ko aka buɗe baje kolin jirage na Zhuhai, gardamar da ke biyo baya ba ta canzawa: jirgin yaƙin Sin J-20 ya kamo ƙafar F-22 na Amurka ko bai kamo ba, kuma guda nawa aka ƙera. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Jirgin yaƙi awa ɗaya ko biyu yake yi a sama, sauran yinin yana ƙasa yana jiran mai, makami, makanike da titin da babu rami a kansa. Tambayoyi biyu ne suka fi lissafin jirage nauyi: daga ina zai tashi, kuma wane ne a cikinsa. Ta farko Sin ta amsa ta da aikin kankare wanda babu ƙasar da ta yi irinsa a wannan zamani. Ta biyun har yau ba ta amsu ba, kuma ba rashin kuɗi ne ya hana ba.

Tun kafin a kafa rundunar sojan saman Sin a ranar 11 ga Nuwamba 1949 matsalar matuƙa take bin ta. Makarantar tuƙi ta farko ta 'yan kwaminis an buɗe ta a Tonghua, arewa maso gabashin ƙasar, a watan Maris 1946, kuma malamanta sojojin saman Japan ne da suka miƙa wuya, a ƙarƙashin Hayashi Yaichiro. Jiragen ragowar na Japan ne da aka harhaɗa daga tarkace. Da man jirgi ya yanke sai suka koma zuba giya mai ƙarfi da aka tace a injin, da famfon keke ake hura tayoyi, kuma da yake babu ƙananan jiragen koyo masu lafiya, kai tsaye ake ɗora ɗalibi a jirgin mataki na gaba. Daga wannan makaranta Wang Hai ya fito, wanda ya yi suna a yaƙin Koriya, ya kuma shugabanci rundunar daga 1985.

Koriya ce ta koya musu darasin filin jirgi, da tsada. Jiragen yaƙi MiG-15, ƙirar Sobiyet, suna tashi ne daga Andong, wato Dandong ta yanzu, a gaɓar kogin Yalu ta ɓangaren Sin, inda Amurka ta hana kanta kai hari. MiG-15 ba ya cin dogon zango, don haka bai iya kai wa sojojin ƙasa ɗauki a fagen daga. A 1951 aka shiga gina filaye cikin Koriya ta Arewa, a Namsi da Taechon da Saamcham, don a matso da jiragen kudu. Manyan jiragen Amurka B-29 suka yi ta zuba musu bama-bamai. A ranar 23 ga Oktoba MiG suka yi wa B-29 mummunar ɓarna a kan Namsi, har Amurka ta daina aika su da rana, amma ta koma dare ta ci gaba. Ana cike rami ana haƙa wani, filayen ba su taɓa ɗaukar runduna ba. An ci nasara a sama a wannan rana, aka rasa abin da ake faɗan dominsa.

Ba su manta ba. Kafin su tunkari Taiwan sai da suka gina filaye a lardin Fujian a tsakiyar shekarun 1950, suka shimfiɗa layin dogo daga Yingtan zuwa Xiamen don kai mai da harsashi, sannan a ƙarshen Yuli 1958 suka kwashi jiragen suka kai, aka fara luguden wuta kan tsibirin Kinmen da ke hannun Taiwan ranar 23 ga Agusta. Fili da layin dogo tukuna, jirgi daga baya. Tsarin ke nan har gobe.

A farkon 2025 cibiyar bincike ta Hudson da ke Amurka ta fitar da ƙidayar da ta yi daga hotunan tauraron ɗan'adam. Rumfunan jirage masu kaurin kankare a Sin sun tashi daga wajen 370 a farkon shekarun 2010 zuwa sama da 800. Rumfunan da ba masu sulke ba sun haura daga 1,100 zuwa fiye da 2,300. An ƙara titunan tashi 20, da titunan gefe fiye da 40 waɗanda tsawonsu ya kai na titin tashi. A wannan tsakanin, rumfuna masu sulke da Amurka ta ƙara a yankin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Cibiyar tana da nata buri, so take majalisar Amurka ta saki kuɗi, amma kankare ba ya ɓuya daga tauraron ɗan'adam, kowa na iya dubawa.

Amfanin rumfar ba wai bam ba ya fasa ta ba ne. Yana fasawa. Abin da take yi shi ne ta tsawwala wa maƙiyi farashi. Jirage goma da aka jera a fili, makami mai linzami guda da ke watsa ƙananan bama-bamai ya ishe su, domin ɓarɓashin ƙarfe kaɗan ya huda tankin mai an gama. Idan kowanne yana cikin rumfarsa, sai an ware wa kowace rumfa makami mai sauka daidai, alhali mai harin bai san wacce ce fanko ba. Wanda ke shakka ya dubi abin da ƙananan jirage marasa matuƙa na Yukiren suka yi wa manyan jiragen yaƙin Rasha da ke ajiye a sarari ranar 1 ga Yuni 2025, ko jiragen da suka ƙone a ƙasa a Khartoum da Merowe a makon farko na yaƙin Sudan a Afrilu 2023. Titin gefe mai tsawo kuwa titin tashi ne na biyu a ɓoye: a fasa babban, a tashi ta ƙaramin.

Shi kansa titin ba shimfiɗa siminti ba ne kawai. Ana kwashe ƙasar sama, a daddanne ta ƙasa da rola har ta daina motsi, a zuba tsakuwa da aka gauraya da siminti, sannan a ɗora kankare mai kaurin santimita 30 zuwa 40, a yanka shi falle-falle kamar mita huɗu zuwa biyar, a haɗa fallayen da gajerun rodi domin su raba nauyi, a toshe tsagar da roba. Ana ɗan karkata shi, kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin ɗari, don ruwa ya gangara magudana. A bakin titi da wurin ajiye jirage kankare ake so ba kwalta ba, saboda man jirgi yana narka kwalta, zafin wutar injin kuma yana tausasa ta. Abin da ke kashe titi ruwa ne. Idan robar tsaga ta tsufa, ruwa ya shiga ƙarƙashi, duk jirgin da ya taka sai ya tsotso ƙasar ƙasa ya fesar, fallen ya zauna a kan iska, kusurwarsa ta ɓalle. Ɗan guntun da ya ɓalle, ko bai fi goro ba, idan injin ya zuƙe shi ya isa ya kakkarya fukafukan cikinsa. Shi ya sa a kowane sansani na kirki sojoji kan jeru kafaɗa da kafaɗa da sassafe suna tsintar tsakuwa da hannu.

Gyaran titi bayan hari shi ma yana da matakansa, kuma rundunar na yawan nuna atisayensa a talabijin. A fara da auna ɓarna. A kawar da bama-baman da ba su tashi ba. A zaɓi zirin da ya fi ƙarancin ramuka, wanda a ma'aunin Amurka mita 1,500 a tsawo da 15 a faɗi ya wadatar da jirgin yaƙi. A yanke kankaren da ya kumbura a bakin ramin, domin shi ne ke karya ƙafar jirgi, a cike da tsakuwa, a danne, a rufe da siminti mai saurin kamawa ko tabarmar roba mai ƙarfi. A atisaye awoyi kaɗan ne. A yaƙi mataki na biyu ne ke cin lokaci, don ana jefa ƙananan bama-bamai masu jinkirin tashi musamman domin masu gyara, kuma direban katafila da ya ƙware ba a samun madadinsa cikin dare ɗaya.

Sai mai. Jirgin Su-27, da ɗan'uwansa J-11 da Sin ke ƙerawa, yana ɗaukar kimanin tan tara da rabi a cikinsa. Jirage 24 su tashi sau uku a yini, an sha kusan tan 680, wato sama da tanka ashirin masu ɗaukar tan talatin, kullum, ga sansani guda. Wannan lissafi ne ke sa a binne tankunan ajiya a ƙasa a rarraba su, a ja bututu, a kawo layin dogo kusa. Wanda ya gane shi zai gane dalilin da ya sa layin dogon Lhasa na 2006, da na Shigatse na 2014, da na Nyingchi na 2021 ba na 'yan yawon buɗe ido ba ne kaɗai.

Amma a Tibet ne siminti ya haɗu da abin da ya fi ƙarfinsa. Filin Gonggar na Lhasa yana kan tudun mita 3,570, na Shigatse ya kusa 3,800, na Ngari Gunsa ya haura 4,200. A mita 4,000 kaurin iska kashi biyu ne cikin uku na wadda ke bakin teku. Injin yana samun ƙarancin iskar ƙona mai, fiffike yana samun ƙarancin abin takawa, sai jirgi ya yi gudu a ƙasa fiye da yadda ya saba da kusan kashi ɗaya cikin biyar kafin ya ɗaga, da injin da ƙarfinsa ya riga ya ragu. Haka wajen sauka: taya da birki suna ɗaukar zafi fiye da ƙima. An tsawaita titunan, na Shigatse ya kai mita 5,000, amma taya tana da iyakar gudun da za ta jure, don haka dole a rage mai ko a rage makami. Jiragen Indiya kuwa daga Ambala da Hasimara da Tezpur suke tashi, a ƙasa mai kwari, cike da kaya. Tun bayan takun-saƙar da ta yi da Indiya a Doklam a 2017 da arangamarsu a Galwan a Yuni 2020 Sin ta ƙara rumfuna da tituna a can, ta faɗaɗa filin Hotan a Xinjiang wanda tudunsa bai kai mita 1,500 ba, ta kuma dogara ga jiragen YY-20 masu ba da mai a sama, domin jirgi ya tashi da makami cike da tanki rabi, ya sha a hanya. Dabara ce mai aiki muddin ba a harbo tankar ba.

Tsibiran tekun kudancin Sin kuwa ina ganin an fi zuzuta su. Tsakanin 2014 da 2016 jiragen yashe teku sun tula yashi a kan duwatsun murjani na Fiery Cross da Subi da Mischief, aka shimfiɗa wa kowanne titi mai kusan mita 3,000 da rumfunan jiragen yaƙi 24. Kotun sasanci ta Hague ta yanke a Yuli 2016 cewa Mischief yana cikin ruwan tattalin arzikin Filifin, Beijing ta yi kunnen uwar shegu. Aikin gini ne na ban mamaki. Sai dai wurin 'yan mitoci ne a saman ruwa, babu dutsen da za a haƙa, babu inda za a watsa jirage, kowa ya san inda kowane tanki yake. Iskar gishiri na cin ƙarfe da wayoyi, sai an riƙa wanke jirgi da ruwan daɗi wanda shi ma sai an tace daga teku. Ba mamaki hotunan sama ba safai suke nuna jiragen yaƙi girke a can ba, sai na sintiri da na leƙen asiri. Don tsorata masuntan Filifin da Biyetnam da sa ido kan teku, sun biya kuɗinsu. A babban yaƙi ba na jin za su daɗe.

To, duk wannan kuɗi da injiniya ke yin sa, kuma gwamnatin da ba ta neman izinin kowa kafin ta karɓe gona tana da saurinsa. Matuƙi ba haka yake ba.

Tarihin rundunar ya nuna yadda siyasa ke iya rusa ƙwarewa cikin ɗan lokaci. A 1964 matuƙin jirgin yaƙi yana samun kamar awa 122 a sama a shekara. A 1968, tsakiyar Juyin Al'adu na shugaba Mao, abin ya faɗo zuwa 24, an rufe makarantu, karatun tunanin Mao ya maye gurbin karatun injin. Sai ga 13 ga Satumba 1971, jirgin da ke ɗauke da Lin Biao, mataimakin Mao da aka zarga da shirya masa juyin mulki, ya faɗi a Mongoliya, aka kama kwamandan sojan sama Wu Faxian, rundunar gaba ɗaya ta zama abar zargi. Da aka shiga yaƙi da Biyetnam a 1979, jiragen sun yi ta shawagi a ɓangarensu na iyaka, ba su shiga faɗan ba. Tun shekarun 1960 rabon matuƙan Sin da musayar wuta ta gaske a sama.

Abin da ya rage daga wancan zamani shi ne al'adar hasumiya. Wani babban hafsa yana zaune a ƙasa da rediyo, shi ke cewa juya dama, hau, sauka, harba. An rubuta yadda atisaye zai gudana tun kafin a tashi, an san wanda zai ci. Kuma da yake haɗari guda na iya kashe wa kwamanda ƙarin girma, sai a guje wa tashin dare, hadari, da ƙasa-ƙasa a kan teku, wato ainihin yanayin da ake yaƙi a ciki. Su kansu jaridun sojan Sin sun sha sukar wannan.

A yi musu adalci, sun tashi tsaye. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya girgiza su, a 1992 Su-27 na farko suka sauka a Wuhu. Akwai cibiyar gwaji da horo a Cangzhou tun 1987, da babban fagen Dingxin a hamadar Gobi inda ake atisayen Jan Takobi, da rukunin da aikinsa shi ne kwaikwayon maƙiyi. A 2011 aka fara gasar Kwalkwalin Zinariya, inda matuƙa ke karawa ba tare da rubutaccen shiri ba, aka kuma sassauta tazarar tsaro da ake tilasta wa jirage biyu su bari a tsakaninsu. An ce kyaftin na iya kayar da kanar, na'urar da ke naɗar bayanan tashi ce alƙali. A rundunar da girma ke gaba da komai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga 2017 kuma aka rushe tsarin dibishan da rejimanti aka koma birged a ƙarƙashin sansani, don a rage matakan da umarni ke bi.

Hanyar samar da matuƙi ma an gyara ta. Ɗalibi yana farawa a jami'ar sojan sama ta Changchun, ya koyi tashi a CJ-6 mai farfela, ya wuce ɗaya daga kwalejojin Harbin, Shijiazhuang ko Xi'an ya hau JL-8, wanda a waje ake kira K-8, irin wanda Gana da Sudan suka saya. Giɓin yana mataki na gaba. Shekara da shekaru jirgin koyo na ƙarshe shi ne JJ-7, jikan MiG-21: mai saurin sauka, mai wuyar sarrafawa, gabansa cike da agogai. Yana koya wa yaro riƙe sanda, ba ya koya masa karanta rada da zaɓar wanda zai fara harba daga nisan kilomita ɗari, alhali wannan ne aikin matuƙin J-16 ko J-20. Sai nauyin ya koma kan rukunan yaƙi, suna ƙona awoyin jirage masu tsada wajen koyar da abin da ya kamata a koya a makaranta. JL-10 mai allon kwamfuta shi aka kawo ya toshe wannan giɓi. Wata matsalar ita ce malamai: an daɗe ana riƙe ɗalibin da ya gama a mai da shi malami ba tare da ya taɓa zama a rukunin yaƙi ba, yana koyar da abin da aka koya masa kawai.

Shaida biyu ke nuna cewa su ma sun san da saura. A atisayen da suka yi da Tailan a Korat a 2015, Su-27 na Sin sun yi galaba a faɗan kusa, amma jiragen Gripen na Tailan suka yi musu kaca-kaca daga nesa, kuma wani gogaggen matuƙin gwaji na Sin ne ya bayyana hakan a wata lacca a 2019, inda aka ɗora laifin a kan tsohuwar rada da makami, da kuma yadda matuƙan ke kasa lura da abin da ke kewaye da su. Ta biyu, a Oktoba 2022 Birtaniya ta yi gargaɗin cewa kimanin tsofaffin matuƙanta 30 an ɗauke su da albashi mai tsoka suna horar da Sinawa, ta hannun wata makarantar tuƙi a Afirka ta Kudu wadda Amurka ta sa wa takunkumi a 2023. Ƙasar da ke ƙera J-20 ba tuƙi take son a koya mata ba. Yadda ake tsara hari, da yadda ake zama bayan an sauka a tona kuskuren kowa ba sani ba sabo, shi take saye.

Za a ce ai rikicin Indiya da Pakistan na Mayu 2025 ya raba gardama, tunda jirgin J-10C da makamin PL-15, ƙirar Sin, sun yi aiki har babban hafsan tsaron Indiya ya amsa cewa sun yi asarar jirage. Ya raba gardama a kan kayan. Waɗanda suka tuƙa su Pakistanawa ne, masu tuƙa F-16 tun 1983, da suka taso a wata al'adar horo dabam. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Nijeriya ta yi odar F-7 goma sha biyar daga Sin a 2005, ta karɓi JF-17 uku a Makurdi a 2021. Jirgi yana zuwa a kwantena, amma awoyin tashi, kayan gyara, rumfa da malamin da ya san yaƙi ba sa zuwa tare da shi, kuma su ne ba a cika jin 'yan majalisa na tambaya a kansu ba lokacin kare kasafi.

Za a kuma ce yawan shawagin da suke yi kewayen Taiwan, wanda ya haura 3,000 a 2024 bisa ƙidayar ma'aikatar tsaron tsibirin, horo ne. Haka ne, kuma yana gajiyar da matuƙa da jiragen Taiwan. Amma tashi ne daga titi lafiyayye, da rediyo mai aiki, da jirgin rada KJ-500 yana faɗa maka inda kowa yake. Jarrabawar ita ce ranar da aka toshe rediyo, aka rusa hasumiya, jagoran jirage huɗu ya ga umarnin da aka ba shi da safe ya daina ma'ana, kuma babu wanda zai tambaya.

A nan nake ganin jam'iyyar kwaminis mai mulki tana son abu biyu da ba sa zama inuwa ɗaya. Tana son matuƙi mai yanke shawara da kansa, tana kuma son rundunar da ba ta motsi sai da izini. Kowane birged yana da jami'in siyasa wanda matsayinsa ɗaya da na kwamanda, manyan shawarwari kwamitin jam'iyya ke yanke su. Ba na cewa wannan yana hana jarumta. Matuƙan Sobiyet sun yi yaƙi da Jamus a ƙarƙashin irin wannan tsari. Amma horo na gaske yana zuwa da haɗari, haɗari yana zuwa da bincike, kuma a tsarin da bincike kan rikiɗe ya zama tuhumar rashin biyayya, hafsa mai hankali zai zaɓi atisayen da ba ya jawo magana. A Disamba 2023 aka cire Ding Laihang, wanda ya jagoranci sojan sama daga 2017 zuwa 2021, daga majalisar dokokin ƙasar tare da wasu janar-janar. A Yuni 2024 jam'iyyar ta kori tsofaffin ministocin tsaro biyu, Li Shangfu da Wei Fenghe, bisa zargin cin hanci. Ko da zargin gaskiya ne, kwamandan birged da aka kawo wa takardar atisayen dare a kan teku cikin damina ya ga abin da ya sami na sama da shi, kuma sa hannunsa ake jira.